Yadda ake fitar da sauti huɗu daga tsofaffin faya-fayen garmaho

A shekarun 1970 kamfanoni sun buga faya-fayai masu sautin lasifika huɗu, biyu a gaba, biyu a baya. Ba su yi tsari ɗaya ba, don haka kafin ka sayi kowace na'ura duba bangon faifanka tukuna. SQ na CBS ne, QS na Sansui, CD-4 kuma na JVC, wanda RCA ke rubuta wa Quadradisc. Kowanne da dikodarsa, wato na'urar da ke warware sauti huɗun daga faifan.

Fara da wuta. Tamu a Zariya bolt 230 ce mai zagaye 50 a daƙiƙa, alhali kayan Amurka na 120 ne, na Japan 100. Karanta bayan na'ura, in ba ta da makunnin canza bolt ka sa taransifoma mai rage wuta, da sitabilaiza a gabanta. Sai dai taransifoma ba ta gyara zagaye: garmahon da motarsa ke bin zagaye 60, irin na wutar Amurka, zai riƙa juyawa kusan sau 28 a minti maimakon 33⅓, murya ta yi nauyi tana ja. Garmaho mai kwaz, wanda ke daidaita gudunsa da kansa, ba ruwansa da wannan. Na'urar da ta daɗe a ajiye kuwa, kai ta wajen mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya auna kafasitocinta, wato ƙananan ma'ajiyan wuta da ke cikinta, domin zafi na busar da su. Alamar haka ita ce gurnani a lasifika.

SQ da QS ba su da wahala. An cusa sauti huɗun cikin biyu, kowace allurar sitiriyo mai kyau tana karanta su. Garmaho ya shiga amfilifaya, daga mafitar tef zuwa dikoda, daga dikoda wayoyi huɗu zuwa amfilifaya biyu. Nemi dikoda mai lojik, wato mai ƙara raba sautukan, irin Sony SQD-2020 ta SQ ko Sansui QSD-1 ta QS, don maras lojik a SQ desibel 3 kacal ke raba gaba da baya, kunne ba ya jin bambanci sosai. Idan muryar mawaƙi ta koma baya, to an juya wayoyin gefe ɗaya na kan allura. Ja da kore na dama ne, fari da shuɗi na hagu.

CD-4 shi ne mai neman haƙuri. A kowane gefen layin faifan akwai wani siririn sauti na kilohaz 30 da kunne ba ya ji, shi ke ɗauke da bayanin da ke raba gaba da baya. Dole kan allura ya iya kaiwa kilohaz 45 zuwa 50, bakin allurar kuma ya zama mai siffar da ake kira Shibata ko irinta. Wayar garmaho gajera, mai ƙarancin kafasitans, wato riƙe wuta, kada ta wuce fikofarad 100. A nan mutane ke yawan kuskure: wayar tana shiga dimodileta, wato dikodar CD-4, ne kai tsaye, irin JVC 4DD-5, ba ta bi ta amfilifaya ba, don tacewar da ke cikin amfilifayar tana danne wancan siririn sautin.

Ɗora allura ka kalli fitilar CD-4 da ke jikin dimodileta. In ta kama ta tsaya, komai daidai. Sa faifan gwaji, kashe lasifikan gaba, ka juya makunnin rabuwa na hagu da ke jikin dimodileta a hankali har sautin da ke yoyowa baya ya yi ƙasa iyakar yi, sannan na dama.

Fitila mai kyaftawa, da ƙara kamar ana goga takardar yashi, musamman kusa da tsakiyar faifai, yawanci ƙura ce. Da hunturu sai ka wanke faifai da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba, da ɗigon sabulun ruwa, ya bushe a tsaye a inuwa, ka share allura da burushi daga baya zuwa gaba. In bai daina ba, duba nauyin allura da sikeli ka kai shi iyakar abin da kamfaninta ya rubuta. Allura mai sauƙi da yawa tsalle take yi tana kankare layin, kuma faifan da ya kankare babu dimodiletar da za ta dawo da shi.