Kurakuran Atisaye da Ke Cinye Ƙarfin 'Yan Wasanmu

Duk wanda ya taɓa bi ta Filin Mahaha ko filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata bayan sallar asuba ya san matasan Kano ba su da ƙyuyar atisaye. Abin da ke damuna shi ne yawancin wahalar da suke sha ba ta amfanar su ranar wasa.

Babban kuskuren shi ne gina jikin kallo. Sai ka ga ɗan ƙwallo ya duƙufa ɗaga ƙarfe don ƙirji da damtse su fito, ƙafafu kuwa kamar sillen kara. Alhali gudu da tsalle da juyi da buga ƙwallo duk daga cinya, ƙugu da tsokar ciki suke tasowa. Ko ɗan dambe, naushinsa daga ƙafa yake farawa, ya bi ƙugu, sannan ya isa hannun da aka ɗaure. Sau biyu a mako ka ba ƙafafu haƙƙinsu: tsugunnawa da miƙewa da nauyi a kafaɗa, yin hakan da ƙafa ɗaya, hawan matakalar Dutsen Dala. Ka fara da nauyin da kake iya sarrafawa, ka riƙa ƙari kaɗan-kaɗan. Kada ka manta da tsokar bayan cinya, don ita ce ta fi yagewa idan aka zabura da gudu.

Sai masu ganin dogon gudu a hankali shi kaɗai ne atisaye. Gaskiya ne ƙwararren ɗan ƙwallo yakan ci kusan kilomita 10 a wasa ɗaya, amma abin da ke raba gardama shi ne zaburar mita 20 ko 30. Da irin wannan saurin Ahmed Musa ya yi suna tun yana Kano Pillars. Ka haɗa da gajeren gudu mai ƙarfi, ka huta, ka maimaita.

Kada ka shiga fili jiki a sanyaye, musamman da hunturu. Minti 15 zuwa 20 na ɗumama jiki yana rage targaɗe.

Hutu kuma ba ragwanci ba ne. Tsokar da ta sha nauyi tana buƙatar kamar kwana biyu kafin a sake matsa mata, kuma cikin barci take ginuwa, da taimakon abinci irin su wake, ƙwai, kifi, awara ko nono. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, ka sha ruwa tun kafin ƙishi. Da azumi ka mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne shan tramadol don a danne ciwo. Zafin ne kawai yake ɓoyewa, raunin na nan yana ƙaruwa, ga jaraba. Tun 2024 WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta shi a lokacin gasa. Gwiwar da ta kumbura likita take buƙata kafin a koma fili.