Yadda ake saka haƙƙin mallaka da lasisi a fayilolin manhaja

Fara da zaɓen lasisi, ka ajiye cikakken rubutunsa a foldar LICENSES, misali LICENSES/MIT.txt in lasisin MIT ka zaɓa.

Sai ka rubuta layi biyu a saman kowane fayil, bayan alamar sharhi ta yaren (# a Python, // a JavaScript):

# SPDX-FileCopyrightText: 2024 Sunanka
# SPDX-License-Identifier: MIT

Kwafi sunan lasisin harafi da harafi daga jerin SPDX, wato jerin gajerun sunayen lasisin manhaja da aka daidaita. A nan ake yawan tuntuɓe: sunan lasisin GPL-3.0 tsurarsa an daina amfani da shi, don bai fayyace ko an yarda da sigogin gaba ba. Rubuta GPL-3.0-only ko GPL-3.0-or-later.

In fayil ya fara da #!/bin/bash, bar shi a layin farko, naka su biyo baya. In ka ture shi ƙasa, tsarin ba zai gane abin da zai tafiyar da fayil ɗin ba.

Fayilolin bayanai na JSON da hotuna ba sa ɗaukar sharhi. Buɗe musu fayil a gefe, kamar tambari.png.license, ka zuba layukan ciki.

Fayil ɗin da ka aro kuwa, kada ka goge sunan mai shi, MIT ma ta shardanta a bar shi.

Sannan tafiyar da reuse lint, umarnin manhajar reuse mai duba waɗannan layukan, zai lissafo fayilolin da ka tsallake.