Ka dakushe bakin ƙusa kafin ka buga ta a katako

Salamu alaikum 'yan uwa.

In kana haɗa kantar littattafai ko ɗan benci a gida, kafin ka buga ƙusa kusa da bakin katako, juya ta. Ɗora kanta a kan dutse ko siminti, tsinin yana sama, ka ɗan ƙwanƙwasa tsinin da hamma sau biyu har ya dakushe. Sannan ka buga.

Da wuya katakon ya tsage.

Dalili kuwa, katako zare-zare ne a jere. Ƙusa mai tsini tana kutsawa tsakanin zaren tana buɗa shi, kamar yadda gatari ke faskare itace, sai ka ji ƙas, tsaga ta bi tsawon falankin. Dakusasshiya kuwa yanke zaren take yi, ta murƙushe shi, ta wuce. A farin katako irin obeche abin yana aiki sosai, musamman da hunturu da katako ya bushe ƙarau.

Amma fa ba ko'ina ba. Katako mai tauri irin maɗaci, ƙusar lanƙwashewa za ta yi. Nan sai ka fara huda rami da injin huda, ramin ya ɗan fi ƙusar siranta. Haka ma in ƙusar za ta zauna ƙasa da rabin inci daga baki.

Kuma riƙonta yana ɗan raguwa. Kantar da za ta ɗauki tukwane ko buhun shinkafa, shafa gam ɗin katako a mahaɗar tukuna.