Darasi na 7: Lambobin da ke rabuwa daidai da waɗanda suka gagari rabo

Duk wanda ya saba ciniki a kasuwar Dole ta Damagaram ya riga ya san ninkin lamba, ko da bai taɓa zama a aji ba, domin da dala muke ƙirga kuɗinmu, kuma kowace dala tamma 5 ce. Dala biyu tamma 10 ke nan, dala ashirin tamma 100, har a kai dala metan, wadda ita ce jika ɗaya. Lambobin da ake samu ta wannan hanya, wato 5, 10, 15, 20 da na gaba da su, su ake kira ninkin 5, kuma kowace a cikinsu da 0 ko 5 take ƙarewa.

Yanzu mu juya lissafin. A ce bayan kaka wani magidanci ya ware gero tiya 24 don ya raba wa ƴan'uwansa. Idan gida 3 ne, kowane gida zai samu tiya 8. Idan gida 4 ne, tiya 6. Idan gida 12 ne, tiya bibbiyu, kuma ko ƙwaya ba za ta rage a masaki ba. Amma idan gidajen 5 ne, kowa zai ɗauki tiya 4, sai 4 su yi saura. Saboda haka masu raba 24 daidai su ne 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, ban da 5. Ku lura cewa bibbiyu suke tafiya: wanda ya gano 3 ya gano 8, tun da 3 sau 8 shi ne 24.

To, a ce maƙwabci ya ranci tiya ɗaya, saura 23. Nan fa ake yin ta, domin ko gida 2 ne, ko 3, ko 11, sai an bar saura. Hanya biyu ce kawai: mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 23 kowa ya ɗauki tiya guda. Lambar da ba mai raba ta sai 1 da ita kanta, a wannan littafi za mu kira ta gagara-rabo. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Ba a sa 1 a cikinsu, saboda mai raba ta ɗaya ne tak.

Ba sai an baje hatsi a tabarma ba kafin a san ko lamba za ta rabu. Idan ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, to 2 zai raba ta. Gwajin 3 shi ne ya fi ban sha'awa: a haɗa lambobin da aka rubuta ta da su, idan jimillar ninkin 3 ce, ita ma haka take. Ɗalibai da yawa sukan rantse cewa 51 ba ta rabuwa, alhali 5 da 1 shida ne, kuma 3 sau 17 shi ne 51. Wadda ta fi ta yaudara ita ce 91, ni kaina ta taɓa kayar da ni a gaban allo: ta tsallake gwajin 2, da na 3, da na 5, amma 7 sau 13 ce. Ga lambar da ba ta wuce 100 ba, gwaji huɗun nan, wato na 2, 3, 5 da 7, sun isa, domin 11 sau 11 ya riga ya kai 121.

Wani masani Bagirke mai suna Eratosteni, wanda ya riƙe babban ɗakin littattafai na Iskandariyya ta Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, shi ake jingina wa dabarar da ake kira rariya, saboda tana tankaɗe lambobi kamar yadda mata ke tankaɗe gari. Ita ce aikinku na gida. Ku rubuta 1 zuwa 100 a takarda, goma a kowane layi, ku soke 1. Ku bar 2, ku soke duk ninkinta, sa'an nan ku yi wa 3, da 5, da 7 haka. Idan ba a yi kuskure ba, lamba 25 za su rage, ta ƙarshensu 97. Wanda ya ƙirga 26, ya koma ya duba 91 kafin ya zo aji.