Yadda za ka karɓi kayan da aka dawo maka da su, ka mayar da kuɗi ba tare da an cuce ka ba

Mai sayar da kaya ta waya daga Kura ko Ringim ko Hadejia yana da matsalar da ɗan Kantin Kwari ba shi da ita: mai sayensa bai taɓa kayan da hannu ba kafin ya biya, hoto kawai ya gani. Don haka ko ba daɗe ko ba jima wani zai ce a karɓi kaya a ba shi kuɗinsa, kuma tun kafin kaya su bar gida ake shirya wa wannan ranar.

Fara da rubuta sharaɗinka a gajarce, ka tura wa mai saye kafin ya turo kuɗi, ka jira ya amsa cewa ya yarda. Abu uku za su fito a ciki: kwana nawa yake da su na ƙorafi bayan kaya sun isa, wane kaya ne ba ya dawowa, da wanda zai biya kuɗin mota. Kwana biyu zuwa uku sun wadatar ga atamfa, hula da takalmi. Kilishi, man shanu, busasshen kifi, zuma ko humrar da aka buɗe ba sa dawowa, sai in sun iso a lalace, shi ma a ranar za a faɗa. Yadin da tela ya sa wa almakashi ya tafi ke nan. Amma kada ka rubuta cewa kome aka saya ba ya dawowa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibi, kuma a fiƙihu ma wanda aka ɓoye wa aibi yana da zaɓin fasa ciniki. In a kasuwar intanet ta Jumia kake sayarwa, ƙa'idarsu ce ke aiki, sai ka karance ta. Jiji da Facebook kuwa haɗa ku kawai suke yi, rigima in ta taso tsakaninku ce.

Sai shaida. Ɗauki bidiyo lokacin ɗauri, da rana a tsakar gida, domin hasken ƙwai yana sauya launin yadi, kuma rabin gardamar atamfa a kan launi take. Auna turmin a gaban kyamara a ga yadi shidansa, ka sa 'yar alama da biro a bakin yadin inda kai kaɗai ka sani. In waya ce, danna *#06# ka ɗauki lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar. A tasha, ɗauki hoton kwalin da lambar motar, ka karɓi lambar direba. Roƙi mai saye shi ma ya ɗauki bidiyo yayin buɗewa.

In ƙorafi ya zo, amsa a ranar ko da ranka ya ɓaci, ka nemi hoto, sannan ka gano na wane ne laifin. In naka ne, wato ka tura wani launi, ko lambar takalmi ba ita ba ce, ko akwai huji a yadi, kai za ka ɗauki kuɗin mota zuwa da dawowa, ka ba shi zaɓin canji ko kuɗinsa cif. In a hanya abin ya faru, ruwan damina ya jiƙa kwali ko galan ya fashe a but ɗin mota, sallami mai sayenka tukuna, sannan ka je wa direba da shugabannin tasha da hotunanka. In kuwa ra'ayi ya sauya kawai, karɓa kyautatawa ce da addini ya kwaɗaitar a kai, ba dole ba ce, kuma shi zai biya mota.

Yi lissafi kafin ka ce a dawo da kaya. A ce kayan na naira 9,000 ne suna Legas, kuɗin dawo da su zai iya cinye ribar da uwar kuɗin. Sau da yawa gara ka yi masa rangwame ya riƙe abinsa.

Wajen mayar da kuɗi ne aka fi yanka mutane, don haka a nan ka natsu. Kada ka tura ko sisi sai kaya sun dawo hannunka, ka buɗe su kana ɗaukar bidiyo, ka ga alamarka. Kuma asusun da kuɗi suka fito shi kaɗai za ka mayar wa, ko da an ce maka a tura wa ƙane ko mai POS. Dalili kuwa, ɓarawo kan turo kuɗin sata ta asusun wani, ya fasa ciniki, ya ba ka wani asusun daban. In mai kuɗin ya kai ƙara, asusunka banki zai rufe. Haka wanda ya ce ya yi kuskuren turo fiye da kuɗin kaya: kada ka dogara da saƙon alat ko hoton rasit, buɗe manhajar bankinka, ko OPay ko Moniepoint, ka ga kuɗin da idonka. Wannan ma ya sa karɓar kuɗin ciniki ta asusun mai POS na ƙauye ba dabara ba ce, domin ba ka da shaidar wanda ya turo.

In sabis ya yi rauni, kuɗi suka fita daga wajenka ba su shiga can ba, kada ka sake turawa. Aika masa rasit mai lambar shaidar turin, ku jira su shiga ko su dawo.

Kowane kaya da ya dawo, rubuta shi a littafi da dalilinsa. In samfuri ɗaya ya dawo sau uku, ko dai hotonka ya fi kayan kyau, ko wanda kake sara a wajensa ya sauya maka kaya, sai ka ɗauki littafin ka je masa da shi ranar sari.