Yadda Ake Buɗe Fili a Waƙar Rok Wajen Haɗa Sauti

Mai haɗa sauti da ya saba da aikin fiyano a sitidiyoyin titin Gidan Zoo a Kano, inda kiɗa ke fitowa daga kwamfuta a tsabtace, yakan sha wuya ranar da makaɗa daga Sabon Gari suka kawo masa waƙar rok mai jita biyu da bes da ganguna na gaske. Sautin yakan cunkushe wuri guda, sai hannu ya nufi amsa-kuwwa (reverb, mai sa a ji kamar a cikin ɗaki ake kiɗan), alhali a ganina rage cunkoso ne aikin farko.

A fara da tace ƙasan sauti. Duk abin da ke ƙasa da hatiz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) 80 zuwa 100 a jita da murya a yanke shi, a bar wa bes da babbar gangar ƙafa wannan yankin. Tsakanin hatiz 200 da 400 nan ne laka, wato dagulewar sauti, take taruwa, don haka a ɗan rage shi a jita har sai kalmomin mawaƙi sun fito fes.

Daga nan sai rabon wurin zama. Murya da bes da gangar ƙafa su tsaya a tsakiya, jita ɗaya ta koma hagu, ɗaya dama. Ina roƙon kada a kwafi jita guda a raba ta gida biyu, domin ɗan bambancin da ke tsakanin bugu biyu na hannun mutum shi ne yake buɗe faɗin waƙa. Gara a sa makaɗin ya sake bugawa ko da dare ya yi.

Sai yanzu amsa-kuwwa, kuma nan ne ake bukatar haƙuri. A manhajar haɗa sauti irin Cubase ko FL Studio a buɗe mata layi na musamman da kowane kayan kiɗa zai aika wa kaso, domin a ji kamar a ɗaki ɗaya aka yi kiɗan. A jinkirta shigowarta da milisakan 20 zuwa 40, yadda murya za ta riga ta isa kunne, sannan a tace amsa-kuwwar ita ma, a cire abin da ke ƙasa da hatiz 600 da wanda ya haura 10,000. Kayan kiɗan da aka ba amsa-kuwwa mai yawa yakan ja baya, wanda aka rage wa kuwa ya matso kusa, da haka ake samun gaba da baya. Idan waƙar mai sauri ce, maimaicin sauti (delay) ya fi dacewa: a raba 60,000 da saurin bugu, wato waƙa mai bugu 120 a minti tana son tazarar maimaici ta milisakan 500.

A ɗan ƙuntata faɗin sauti a baitoci, a saki faɗin a amshi, domin kunne ya ji buɗewar.

Kafin a miƙa aikin, a haɗe hagu da dama a saurara, sannan a tura waƙar cikin waya, tunda yawancin masu sauraro a Kano a lasifikar waya ko ta adaidaita sahu za su ji ta. Idan jita ta ɓace a nan, a koma a gyara rabonta.