Yadda ake raya kurmin itatuwan fure a garka mai faɗi

Yawancin itatuwanmu na gida ba da damina suke ado ba. Sai sun zubar da ganye, ƙasa ta bushe, sannan fure ya fito a jikin reshe tsirara. Don haka idan Allah ya hore maka fili mai faɗi, kadada ɗaya ko fiye, kada ka cika shi da iri ɗaya. Ka zaɓo su yadda wannan na kakkaɓewa wancan na buɗewa, tun daga Disamba har Mayu. Haka na tsara garkata da ke bayan Zariya, kuma lokutan da zan ambata na yankinmu ne. Wanda ke kudu da mu zai ga wasu sun riga namu.

Minjirya da gurjiya ne ke buɗe fage da jan fure a cikin hunturu. Madobiya na biye da su da ruwan ɗorawa, ta rufe kanta ruf har ba ka ganin reshe. Daga Janairu zuwa Maris sansami ke karɓa, kuma a ganina babu kamarsa: furensa tsakanin ja da shuɗi, ga ƙamshi da yamma. Ɗorawa na sako jajayen tutunta a Fabrairu da Maris, marga kuma ta zubo da dogayen zangarniyoyin fure da tsakiyar bazara, lokacin da zafi ya hana kowa sakat. Na ƙarshe baƙo ne, filamboyan, ɗan asalin Madagaska, wanda ake gani a tsofaffin unguwannin ma'aikata na Kaduna da Zariya. Shi ke rufe layi a Afrilu da Mayu.

Kafin ka sayi ko dashe ɗaya, zaga filin da ƙafa. Sau da yawa akwai kututturen sansami ko na marga da ke tohowa ana sarewa duk shekara wajen sharar gona. Ka bar masa toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ka datse sauran. Irin wannan yana da tsohuwar saiwa a ƙasa, zai riga duk abin da ka dasa yin fure, kuma ba ya neman ban ruwa.

Sauran sai reno. 'Ya'yan marga da na filamboyan da na ɗorawa suna da ɓawo mai tauri, in ka shuka su haka nan za ka gaji da jira. Ka ɗan kankare gefen kowanne da wuƙa ko ka goga shi a dutse, ban da wajen idon, ka jiƙa su kwana ɗaya, sannan ka shuka a leda mai ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. A fara wannan a Fabrairu ko Maris a ƙarƙashin rumfa. Na marga ka duba su da kyau, ƙwari na huda su tun suna cikin kwanso. Minjirya ba ta buƙatar wannan wahala: sari reshe mai kaurin hannu a ƙarshen rani ka kafa, zai kama, shi ya sa nake jera ta a bakin shinge. Madobiya kuwa sai haƙuri, tana da nawar girma. Duk da haka ka dasa ta, domin masu saran katako sun cinye ta a dazuzzuka suna kai wa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya, mai kare tsirrai da dabbobi daga ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu a 2017.

Dashe sai damina ta zauna, wato Yuli, ba ruwan farko mai yaudara ba. Rami ya kai rabin mita faɗi da zurfi, a cire ledar gaba ɗaya, kada a binne wuyan dashen. Tazara ita ce inda mutane ke rowa. Ɗorawa da filamboyan a ba su mita 10 zuwa 12, sauran mita 6 zuwa 8 ya isa. Filamboyan a nisanta shi da gini da rijiya, saiwarsa a sama-sama take tafiya tana fasa daɓe. Gurjiya ka kai ta wajen tsakuwa da marmara. Kuma ka bar sarari a tsakiya, saboda itacen da inuwa ta danne tsawo kawai yake yi, ba ya fure.

Abokan gaba huɗu ne: akuya, gara, wuta da kauci. Akuya sai keji na ƙaya ko na waya a kowane dashe. Gara ta fi kama wanda ƙishi ya raunana, don haka bokitin ruwa sau biyu a mako a rani biyun farko, kuma ciyawar da ka shimfiɗa a gindi kada ta taɓa jikin itacen. Wuta kuwa, share layi mai faɗin mita 5 kewaye da garkar tun Oktoba, kafin mafarauta su fara cinna wa daji. Kauci da ka gani, sare reshen da ya hau.

Lura ita ce rabin aikin, kuma ita na fi jin daɗi. Ka ajiye littafi, ka ba kowane itace lamba, ka rubuta ranar da ya zubar da ganye, ranar furen farko, ranar da ya cika, da ranar da kwanso ya bushe. Fita da sassafe za ka tarar da ƙananan tsuntsaye masu dogon baki a kan minjirya da gurjiya, ƙudan zuma kuma sun cika madobiya da ƙugi. Ɗorawa kuwa bayan magariba ake zuwa mata da tocila, jemagu ne ke shan ruwan furenta suna yi mata barbara, kada ka bari yara su kore su. Yaran nan dai za su zo tsintar furen gurjiya na miya. Na ƙasa halal ne, amma ka hana kakkaɓo na sama, in ba haka ba babu kwanson da zai nuna. 'Ya'yan sansami masu fiffike ne, iska ke kwashe su da zarar kwanso ya tsage, saboda haka da littafin ya nuna lokaci ya matso, ka ɗaure wa 'yan kwanso jakar gidan sauro ka jira.